Godiyar da Aka Yi Saboda Yaya Talatu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Littafin da nake rubutu a ciki tun bara waccan na saye shi a wani shago kusa da inda nake hawa bas a Salford, nan gefen Manchester a Ingila, shafin farko kaɗai sau huɗu ina yage shi. Wani lokaci in ce karatuna bai kai ba, tunda a aji shida na tsaya. Wani lokaci in ji tsoron rubuta abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakin wani. Akwai ranar da na ce wa kaina wataƙila ma wadda nake nema ba ta son a neme ta. Abin da ya zaunar da ni a ƙarshe shi ne, makon jiya 'yata ta tambaye ni me ya sa duk ranar da aka ce masu godiya su fito gaba a coci, ni sai in tashi in nufi banɗaki. Ban san ta lura ba. Don haka zan faɗi abin yadda ya faru, inda na manta kuma zan ce na manta.

Lahadin ƙarshe ta watan Nuwamba, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, aka yi godiyar kakar da na fi tunawa a ƙauyenmu. Tun ranar Asabar mu yara muka share filin coci muka yayyafa ruwa. Da safe muka fito daga gida a jere: Inna a gaba da zakara a hammata, yayata Talatu da damin dawa a ka, ni a baya da ƙwaryar gyaɗa ina ta duba ƙasa kada in yi tuntuɓe in zubar. Gida-gida ake kira. In aka ambaci sunan gidanku sai matan zumunta su fara buga tuluna da goruna, ku taho daga bakin ƙofa kuna taka rawa a hankali, taku biyu gaba ɗaya baya, har ku isa gaba ku sauke abin da kuka kawo. Kafin a zo kanmu gaban cocin ya cika da gero da dawa da wake da kabewa da rake, an ɗaure awaki biyu a jikin taga suna ta kuka suna shiga cikin waƙa. Muna tsakiyar hanya zakaran Inna ya kuɓuce ya haye kan bencin dattawa. Yaya Talatu ta tsaya da dami a kanta tana dariya har wushiryarta ta fito, ba ta ko riƙe damin ba, bai kuma faɗi ba. Duk sa'ad da na rufe ido, haka nake ganinta.

Ba shekarar dariya ba ce kuwa. A tsakiyar daminar nan maciji ya sari Baba a gona, kafin a kai shi gari ya cika. Maƙwabta suka yi mana gayya sau ɗaya, sauran noman mu uku muka ƙarasa, ciyawa ta fi ƙarfinmu. Abin da muka girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Duk da haka Inna ta zauna ta zaɓi zangarniya mafi kyau ɗaya bayan ɗaya ta ɗaure damin godiya. Yaya Talatu ta yi gunaguni, ta ce Allah ai ya ga gonar, ba sai an ɓoye masa ba. Inna ta ci gaba da ɗauri.

Inna mace ce mai doka ɗaya, kuma duk wanda ya tashi a hannunta ya san ta. Kullum da yamma, in an sauke tuwo kafin a ci, sai mu zauna a tabarma kowa ya faɗi abu uku da yake gode wa Ubangiji a kansu. Sai ka gama ukun nan ake yarda ka roƙi wani abu ko ka kai ƙara. Ko ƙafarka ce ke jini, sai ka fara da godiya. Takan ce, “Ku fara da abin da aka ba ku, sa'an nan ku faɗi abin da ya dame ku. Allah ba bawanku ba ne.” Ranar da aka binne Baba ma ba ta ɗaga mana ba. Ni na faɗi nawa ina shessheƙa: ruwa ya tsaya lokacin da ake haƙa, mutane sun zo da yawa, fasto bai yi tafiya ba. Da aka zo kan Yaya Talatu sai ta sunkuyar da kai. Inna ta jira ta har tuwo ya huce. Can ta ɗago ta ce ta gode da macijin ɗaya ne, ta gode da bai biyo mu gida ba, na ukun kuma Inna ta cika mata. Na zaci za a mare ta. Inna ta ce amin, ta buɗe kwano.

Haka halinmu ya bambanta. Ita ta girme ni da shekara uku, a aji huɗu ta bar makaranta don ta taimaki Inna, ita ke surfe da ɗaukar tulu babba daga rijiya, ita ke hawa tsamiya. Ni kuwa tun ina ƙarama matsoraciya ce. In an ce in rufe kaji, sai in ƙirga su sau uku, in kwanta, in sake tashi in taɓa ƙyauren akurki. In muna 'yar carafke dutse ya ɗan taɓa wani, ni da kaina nake cewa na faɗi ko ba wanda ya gani. Yaya Talatu ta sa mini suna Kakar Tsoro. Amma in yaran makaranta suka tsokane ni a gindin darbejiyar da muke karatu, ita ke zuwa da taɓarya a kafaɗa ta tsaya, su watse. Tana da akuya ɗaya ja da kawunmu ya ba ta, takan ce da ita za ta tara garken da za ta koma makaranta.

Da Kirsimetin shekarar Anti Lami ta zo gida. 'Yar ƙanin kakanmu ce, nas ce a Ingila. Ta ga halin da muke ciki, ta ce za ta tafi da mu biyu ta sa mu makaranta. Yadda aka yi takardunmu ban sani ba, ba kuma zan faɗi abin da ban sani ba. Na dai ƙarasa aji shida, bayan shekara guda muka sauka a Manchester cikin watan Fabrairu, sanyi kamar ana yanka kunne. Mako biyu muka kwana gado ɗaya da Yaya Talatu, mun jingina ƙafafunmu da hitar ɗumama ɗaki. Sai wata Asabar wani mutum da matarsa, abokan mijin Anti, suka zo daga Birmingham. Aka ce suna da yara uku, matar tana aiki, Talatu za ta zauna wurinsu, makarantar can ma ta fi kyau. Ta shiga mota da jakarta ta leda mai zif, ta leƙo ta ce kada in ƙirga kajin mutane.

Makaranta dai ba a sa ni ba. Anti takan ce takardu ba su fito ba tukuna. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta taɓa dukana ba, abin da suka ci shi na ci. Amma ƙuruciyata ta nan a bakin taga ta ƙare, da tagwayenta a hannu. Na koyi wanka a baho, na koyi injin wanki da injin shara, na koyi Turanci daga talabijin da bakin tagwayen. In rana ta ɗan leƙo sai in tura su a keken jarirai mu gangara har Oxford Road, in tsaya ina kallon bas-bas masu hawa biyu suna bin juna, ɗalibai suna ta sauri da jakunkuna a baya, ina neman wadda aka rubuta Birmingham a goshinta. Ban san ba daga nan ake hawa ba. Ranar Lahadi mukan je sujada a zauren wata makaranta da ake haya. Su ma suna godiyar kaka, amma gwangwanayen wake da fakitin taliya ake jerawa a kan tebur, ba wanda ya noma ko ɗaya.

Sai da aka yi wata bakwai na sake ganinta. An yi suna a gidan da take, Anti ta tafi da ni don in riƙe yara. A kicin na same ta tana wanke tukwane. Da ba ta kira ni Kakar Tsoro ba da na wuce ta. Ta rame, an aske mata kai, hannunta na hagu a naɗe da tsumma. Ta ja ni ta ƙofar baya zuwa inda ake ajiye kwandunan shara, ta kwance tsumman ta nuna mini. Shatin dutsen guga ne a bayan hannun, har da bakinsa mai tsini. Ta ce ta ƙona kwalar rigar mai gidan, shi ne matar ta nuna mata yadda rigar ta ji. Ta ce a ƙarƙashin matakala take kwana tare da injin shara, ba ta taɓa zuwa coci ba, ba a taɓa ba ta waya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe kafaɗata da hannunta mai lafiya.

“Rahila, ke ake ba waya. Ki gaya wa Inna ta sa a mayar da ni gida. Ko ganye ne zan ci. Kin ji ko?”

Na ce na ji. Ta sa na maimaita, na maimaita.

A lokacin ba kamar yanzu ba ne. Sau ɗaya a wata ake magana da gida, Lahadin farko. Anti takan sayo kati a shagon kwanar layinmu, a kankare bayansa, a danna lambobi masu yawa. Inna kuma bayan an tashi sujada sai ta taka zuwa gari, gidan wani dattijon coci mai waya, kawu da fasto su raka ta. Anti takan yi tata maganar, ta bar mini minti biyar na ƙarshe. Kwana tara na yi ina shirya abin da zan faɗa. Na tsara shi yadda aka koya mini a yi wa Inna magana: gaisuwa, godiya uku, sa'an nan damuwa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ana iya fara magana da hannun Talatu ba.

Da aka miƙo mini wayar na durƙusa, ko da yake ba ta ganina. Na gaishe ta, ta tambayi Anti da mai gidanta da tagwaye, ta tambayi sanyi. Ta ce ko na ga yayata. Na ce na gan ta. Sai ta rangaɗa guɗa, na ji tana gaya wa mutanen ɗakin, su ma suka ɗauka. Ta dawo ta ce to, me za mu gode wa Ubangiji a kai? Na ce mun ga juna. Na ce tana da rai. Na ukun ya ƙi zuwa, na tsaya ina nema, don ba na son in faɗi abin da ba gaskiya ba, a ƙarshe na ce an saya mini rigar sanyi. Na buɗe baki na ce, “Inna, amma...” sai ta ce ga kawunki ku gaisa. Kawu ya tambayi ko da gaske ne ƙanƙara na faɗowa kamar auduga. Muryar Baturiyar cikin kati ta ce saura minti ɗaya. Fasto ya karɓa ya ce mu rufe da addu'ar godiya, ni kuma ban iya katse addu'a ba. Yana tsakiya layin ya mutu.

Ina so a san wannan, domin na sha son in ɗora wa wani: Anti tana kicin tana soya kifi a lokacin. Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya rufe mini baki.

Na ce wata mai zuwa zan fara da shi. Wata mai zuwan Inna ta riga ni magana. Ta ce albishirina, an yi godiya ta musamman saboda mu. Ta kai jar akuyar Talatu gaban coci, matan zumunta sun raka ta da tuluna tun daga ƙofar gida, fasto ya yi wa'azi da gidanmu, ya ce a dubi gwauruwar da ba ta daina yabo ba, a dubi inda Allah ya kai 'ya'yanta. Mata uku sun zo suna roƙo a yi wa Anti magana ta ɗauki nasu. Tun rasuwar Baba ban ji muryar Inna haka ba. Na tsaya da waya a kunne ina tunani irin na yarinya: in na faɗa yanzu, godiyar nan ta zama ƙarya a gaban Allah, ni ce kuma na sa aka yi ta. Akuya ta tafi a banza. Inna ba za ta iya shiga coci ba. Na ce amin, na ce amin. Haka na yi wata huɗu. Kowace Lahadin farko sai in karɓi waya, in faɗi abu uku, in ajiye.

A watan Fabrairu, shekararmu guda cif, aka bugo daga Birmingham. An aiki Talatu sayen madara da safe, ba ta dawo ba. Na ji matar ta cikin waya tana ɗaga murya tana cewa yarinyar ba ta da godiya. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda, kowa na tsoron maganar takardu. Anti ta gaya wa Inna wai an canja wa Talatu gida ne. Ni ma na yi shiru a kan wannan.

Ina shekara goma sha takwas na bar gidan Anti. Wasu mutanen kirki suka taimake ni har zamana ya daidaita, wannan wani labari ne daban. Albashina na farko doguwar bas na hau da shi zuwa Birmingham. Mutanen sun tashi daga gidan, maƙwabta ba su san inda suka koma ba. Duk ranar hutuna sai in je unguwar Sparkbrook a Birmingham in bi Stratford Road shago-shago, ba ni da ko hotonta, sai dai in kwatanta da baki. A zuwa na shida ko na bakwai, na manta, ina cikin shagon nama ina yi wa mai shagon bayani, wata mata a bayana ta ce da Hausa, “Baiwar Allah, hannun hagu kika ce?”

Hajiya ce 'yar Kano, mijinta likita. Ta kai ni gidanta ta ba ni shayi kafin ta fara. Ta ce shekarun baya da sanyin safiya ta ga yarinya a inda ake jiran bas, ba riga mai kauri, da robar madara a hannu, tana rera wata waƙar coci da Hausa a hankali. Hausar ce ta tsayar da ita. Ta kai ta gida, ta yi mata tuwo da miyar kuka, ta ba ta koriyar rigar sanyi. Kwana biyu ta yi. A rana ta uku mai gidan ya ce gara a kai ta wurin hukuma su taimaka mata, yarinyar ta ji kalmar hukuma, kafin Hajiya ta dawo daga kai yara makaranta ta tafi. Hajiya ta ce har yau abin na damunta, tana sa ta a addu'a. Na tambaye ta ko yarinyar ta faɗi wani abu game da gida. Ta ce ƙwarai. Wai yarinyar ta ce tana da ƙanwa a Manchester mai hankali, wadda ba ta taɓa manta saƙo ba, ta riga ta gaya wa mahaifiyarsu, ana nan zuwa ɗaukarta. Ita dai jiran ne ya yi mata yawa.

Washegari na sayi katina na kaina na kira Inna. Ban gaishe ta ba. Na fara da dutsen guga na ƙare da koriyar riga. Da ta yi magana muryarta ta tsufa.

“Na ji ‘amma’ ɗin nan taki ranar, Rahila. Na ji ta sarai. Na miƙa wa kawunki wayar ne don kada in ji sauran.”

Ta ce tun kafin ranar ta riga ta yi wa fasto maganar akuya. Ta ce godiya ba laifi ba ce, ba za ta daina ba har ta mutu, amma ita ta mai da ita ƙofar da ta rufe wa 'ya'yanta. Ba ta daina ɗin ba kuwa. Kawu ya gaya mini kowace kaka tana kai daminta, sai dai ba ta ƙara taka rawa ba, tafiya kawai take ta sauke ta koma ta zauna. Shekara biyar ke nan da rasuwarta.

Yanzu ina aikin shara da goge-goge a wani asibiti kusa da Oxford Road. Bas biyu nake hawa daga Salford, kuma duk baƙar macen da ta kama ƙarfe a bas sai na dubi hannunta na hagu. Waya ta zama banza, mutum ya yi awa guda yana ganin fuskar na gida ba Baturiyar da za ta ce saura minti ɗaya, sai dai ba ni da wanda zan gaya wa. 'Yata ranar Juma'a aka haife ta, amma Talatu na sa mata. Mu ma muna zama kafin mu ci abinci, sai dai na juya dokar: ta fara faɗin abin da ya dame ta, da Turancinta na 'yan Salford da nake kama rabi, sa'an nan mu gode tare. Ina gode wa Ubangiji, kada wani ya karanta wannan ya ce na bar shi. A ɗaki nake yi. Fita gaba da rawa ce na kasa, domin an riga an yi wa Yaya Talatu rawa sau ɗaya a kan maganata, ba zan sake ba sai na gan ta da idona. Wani lokaci in ana jera gwangwanaye a cocinmu nakan ji kamar ƙarar tulu daga nesa, in tuna damin da bai faɗi ba.

Ga roƙona ga duk mai karanta wannan, Kirista ko Musulmi, a Birmingham ko Manchester ko ko'ina. Sunanta Talatu, wataƙila ta canja. Yanzu za ta kusa arba'in. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, da tabo mai tsini a bayan hannun hagu, tana rera waƙa a hankali in tana wanke-wanke. Ganin ƙarshe da na sani a Sparkbrook ne, da koriyar rigar sanyi da ta yi mata yawa. In kun san ta, ku bar saƙo wurin waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. In ba ta son ganina ba zan matsa ba, ku gaya mata dai ba a ƙi zuwa ɗaukarta ba, saƙon ne ban isar ba. In kuma kabari ne, ku nuna mini wurin. Abu ɗaya kawai: ranar da kuka same ni, don Allah ku fara da labarin. Ma gaisa daga baya.